Man matatar gida ko na jirgin ruwa: wanne ya fi araha idan tanka ta iso Gombe?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, tambaya ɗaya ce ke yawo a tashoshin mota da gidajen mai daga Gombe har Bauchi: idan matatunmu suka kama aiki, fetur zai sauko? A makon da aka cire tallafin, lita ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500 a Arewa. A Oktoban 2024, wata guda bayan matatar Ɗangote ta fara lodin fetur, gidajen man NNPC na Abuja suna sayar da lita naira 1,030. Cikin watannin da suka biyo baya kuma farashin ya riƙa sauka. Mai cewa matata ba ta tsinana komai ba yana da hujja a nan, mai cewa ita ce ta kawo sauƙi shi ma yana da tasa. Amma mai gidan mai da zai zuba miliyoyi a tanka guda, da direban da ke lissafin ko ya ƙara kuɗin mota, ba musu suke nema ba. Suna son sanin wane ɓangare na kuɗin lita ne matata ke iya ragewa, wane ne kuma ba ta da iko a kansa.

Abin da ke cikin kuɗin lita ɗaya

Gangar ɗanyen mai lita 159 ce, kuma da dala ake yanke mata farashi ko a ina aka haƙo ta. Mu ƙaddara ganga tana dala 70, dala kuma tana naira 1,500. Ganga ta zama naira 105,000 ke nan, wato kusan naira 660 a kowace lita, tun ba a kunna injin matata ba, tun ba a biya ma'aikaci ko direba ba. Idan ganga ta ƙara dala 5, lita ta ƙara wajen naira 47. Idan dala ta ƙara naira 100, lita ta ƙara wajen naira 44. Wannan shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin fetur, kuma mai tacewa a Lekki ta Legas, inda matatar Ɗangote take, da mai tacewa a Holan duk suna biyansa.

Shi ya sa tsadar da aka sha ba daga cire tallafi kaɗai ta zo ba. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin canji, dala ta bar wajen naira 460 a kasuwar gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ko da a ce ganga ba ta motsa ba, kuɗinta a naira ya ninka sau uku. Wanda ya san injin casar shinkafa zai gane batun nan da nan: idan aka kafa inji a Dadin Kowa kusa da gonaki, an huta da kuɗin kai shanshera nesa da dawo da ita, amma mai injin sai ya sayi buhun shanshera a farashin kasuwa, don manomi ba zai karya masa ba alhali ga wani mai saye da kuɗi a hannu.

Mutane da yawa sun ɗauka tsarin sayar wa matatu ɗanyen mai da naira, wanda aka fara ranar 1 ga Oktoba 2024, zai warware wannan. Tsarin yana da amfani, amma a san iyakarsa. Farashin ganga na duniya ake ɗauka a juya shi zuwa naira a kan canjin lokacin. Abin da matata ta samu shi ne ba sai ta shiga kasuwa neman dala ba, wannan kuma yana rage wa naira matsi. Rangwame dai babu. Sannan ɗanyen man da NNPC ke iya bayarwa bai wadatar ba, don wani kaso na abin da ake haƙowa an riga an jingina shi wajen biyan bashi, kamar lamunin sama da dala biliyan 3 da aka karɓa ta hannun bankin Afrexim a 2023. Dalili ke nan da matatar Ɗangote ke sayo ɗanyen mai har daga Amurka. Da zangon farko na tsarin ya zo ƙarewa a Maris 2025, matatar ta dakatar da sayar da kaya da naira na ɗan lokaci, farashi ya ɗaga a defo-defo, wato manyan rumbunan ajiyar mai, sai da gwamnati ta ba da umarnin a ci gaba a Afrilu.

Man jirgin ruwa

Fetur ɗin da ake shigowa da shi yawanci daga tashoshin Beljiyam da Holan yake tasowa. Babban jirgi yakan tsaya a kan teku daura da Lome ko Legas, saboda mashigan Apapa da Warri da Kalaba ba su da zurfin da zai ɗauke shi, sai a riƙa juye man cikin ƙananan jirage suna kaiwa gaɓa. Kowane mataki da kuɗinsa: hayar babban jirgi, inshora, hayar ƙaramin jirgi, kuɗin hukumar tashoshin ruwa da na NIMASA mai kula da sufurin teku, tarar jinkiri idan jirgi ya wuce kwanakin da aka yi alkawari bai sauke ba, hayar rumbun defo, da ruwan bashin banki na duk tsawon kwanakin nan.

Waɗannan su ne abin da matatar gida ke iya gogewa, kuma ana iya auna girmansu. Tan guda na fetur wajen lita 1,340 ne. Idan jigilar teku ta ci dala 30 a tan, a canjin 1,500, naira 34 ke nan a lita. Ko an ninka wannan don a haɗa da ƙaramin jirgi da kuɗin tasha da tara, ana maganar gomman naira ne a kan litar da ke sayuwa ɗaruruwa. Sauƙi ne na gaske, mai sayen lita 40 a rana zai ji shi a aljihu. Amma ba shi ne zai mai da fetur naira 200 ba.

Man jirgi yana da nasa alheri da bai kamata a raina ba: masu sayarwa da yawa ne. Idan defo ɗaya ya tsauwala, akwai na gaba. Ga mutanen Gombe akwai ƙarin abu, wato defo-defon Kalaba da Fatakwal da ke ciyar da Arewa maso Gabas ta hanyar Binuwai da Taraba, ba sai an shiga cunkoson Legas ba. Aibinsa kuma shi ne inganci ya dogara da wanda ya haɗa man da wanda ya duba shi. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, ya lalata injina, aka janye shi daga kasuwa, ƙasa ta shiga layin mai na makonni. Metanol yana jan ruwa, yana cin roba da bututun mai na mota, kuma gwajin da ake yi a lokacin bai haɗa da nemansa ba.

Man Lekki

An gina matatar Ɗangote don tace ganga 650,000 a rana. An ƙaddamar da ita a Mayun 2023, ta fara fitar da man gas da man jirgin sama a farkon 2024, fetur kuma a Satumbar 2024. Hujja mafi ƙarfi a kan amfaninta a man gas aka fara ganinta: kafin ta shigo kasuwa lita tana wajen naira 1,600, ta fara sayarwa a 1,200, cikin Afrilun 2024 ta sauke zuwa 1,000. A fetur, farashin bakin matata ya sauko zuwa naira 899.50 a Disambar 2024, ya ɗan hau a Janairu da ɗanyen mai ya yi tsada, ya dawo 825 a ƙarshen Fabrairun 2025.

A lura da abin da ya jawo hakan. Wani sashe na saukar daga kuɗin jirgi da aka goge ne, wani daga gasa, don masu shigo da mai dole suka rage riba ko kayansu ya kwana a rumbu. Amma a 2025 ɗin ɗanyen mai ma ya yi sauƙi a duniya, naira kuma ta ɗan farfaɗo. Wanda ya jingina dukkan saukar ga matata zai sha mamaki ranar da ganga ta sake hawa, domin matatar za ta ɗaga nata farashin a makon, kamar yadda ta yi a Janairun 2025.

Akwai kuma ƙa'idar kasuwa da ba ta da daɗin ji. Matata mai zaman kanta, wadda ta ci wajen dala biliyan 20 kuma akwai bashi a kanta, ba ta da dalilin sayar da lita ƙasa sosai da abin da za ta samu idan ta loda jirgi zuwa Ghana ko Kamaru. Haka kuma ba za ta iya sayarwa sama da farashin man jirgi ba muddin ƙofar shigowa a buɗe take. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu farashinta ke yawo, kuma tazarar ba ta da faɗi. Idan aka toshe shigo da mai, iyakar sama ta tafi. Wannan ne ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan harajin kashi 15 cikin ɗari da aka amince a ɗora wa man da ake shigowa da shi a Oktoban 2025, wanda aka dakatar a Nuwamba. A ganinmu mai saye a Gombe ya fi tsira idan matata tana aiki, jirgi kuma yana iya shigowa, ko da kuwa jirgin bai cika zuwa ba.

Dogaro da matata ɗaya yana da wani haɗarin. Fetur ba ya fitowa da yawa daga tafasa ɗanyen mai kawai, sai an bi da man mai nauyi ta sashen da ke farfasa shi da sinadari. Ranar da wannan sashe ya tsaya don gyara, fetur zai ragu ko da sauran matatar na aiki. Rikicin ma'aikata ma haka: a ƙarshen Satumbar 2025 ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN ta ba da umarnin a datse wa matatar ɗanyen mai da iskar gas, sai da gwamnati ta shiga tsakani. Wannan batu na sashen farfasawa shi ne kuma dalilin da ya sa ƙananan matatu irin Waltersmith ta jihar Imo ba sa cikin lissafin fetur. Man gas da kananzir da baƙin mai suke fitarwa.

Hanya, inda Gombe ke cin wuya

Daga Lekki zuwa Gombe sama da kilomita 1,200 ne. Kafin 2023 akwai asusun daidaita farashi da ke biyan dillali kuɗin dakon mai zuwa nesa, shi ya sa farashin gwamnati a Legas da Gombe bai cika bambanta ba, a takarda dai. Yanzu dako yana kan mai saye kai tsaye. Tanka mai lita 45,000 da za ta je ta dawo, idan muka ƙaddara tana cin lita ɗaya ta man gas a kowane kilomita biyu, za ta sha wajen lita 1,200. A naira 1,000, miliyan 1.2 ke nan, kusan naira 27 a kan kowace litar fetur, ban da taya, alawus ɗin direba da yaron mota, kuɗin ƙungiya, abin da ake bayarwa a shingayen hanya, da ribar mai tanka. Tun 1 ga Maris 2025 an hana lodin tanka mai lita 60,000 saboda haɗurra irin na Majiya da mahaɗar Dikko. Matakin ya dace, rayuka sun fi komai, amma ya ƙara kuɗin dakon lita.

A farashin da matatar Ɗangote ta sanar wa gidajen man da ke hulɗa da ita a Afrilun 2025, Legas naira 890 ce, Arewa maso Gabas 920. Wannan tazarar naira 30 ta fi ƙanƙanta a kan abin da dillali mai zaman kansa ke kashewa idan shi ya yi hayar tanka, kuma a nan ne ƙananan gidajen mai suka fara jin zafi. A Satumbar 2025 matatar ta fara kai mai da tankokinta masu aiki da iskar gas, cikin guda 4,000 da ta ce ta saya. Idan tsarin ya zauna har Bauchi da Gombe, zai fi kowane ragi na bakin matata tasiri a nan. Sai dai tanka mai iskar gas tana buƙatar wurin sake cikawa a hanya, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano kuma bai biyo ta Bauchi ko Gombe ba.

Abin takaici, maganin wannan nisa an gina shi tuntuni. Akwai bututun mai da ya taso daga Kaduna ya bi Jos ya shigo defon Gombe, ya wuce Biu zuwa Maiduguri. Matatar Kaduna mai ganga 110,000, wadda aka buɗe a 1980, ita ce ya kamata ta riƙa ciyar da shi. Shekaru ke nan ba ta tace mai ba, duk da kwangilar gyara ta sama da dala miliyan 700 da aka bai wa kamfanin Daewoo a 2023. Tsohuwar matatar Fatakwal ta tashi a Nuwambar 2024 aka rufe ta a Mayun 2025, ta Warri ta tashi a Disambar 2024 ta tsaya cikin makonni. Ko Kaduna ta dawo, ita ma ɗanyen mai daga Neja Delta take jira ta bututu mai ɗaruruwan kilomita, kuma a farashin duniya za ta saya. Ribarta gare mu ita ce kusanci. Rijiyoyin man Kolmani da ke tsakanin Alkaleri da Akko, waɗanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwambar 2022 da alkawarin matata da kamfanin taki da tashar lantarki, su ne za su fi kowa kusa. Amma ba a gina lissafin kasuwancin bana a kan matatar da ba a gina ba.

Yadda mai gidan mai zai zaɓa

Kada a kwatanta farashin bakin matata da farashin defo kai tsaye. A kwatanta kuɗin lita bayan ta shiga rijiyar gidan mai. Ga abin da za a tara: farashin lodi, dako, ruwan kuɗi, da gibin da ake samu a hanya.

Ruwan kuɗi shi aka fi mantawa. Lita 45,000 a naira 800 miliyan 36 ce, alhali kafin cire tallafi ƙasa da miliyan 8 ta isa. Idan bashin banki ne a kan kashi 30 cikin ɗari a shekara, kowace rana tana cin wajen naira 30,000. Kwana goma tsakanin biyan kuɗi da sauke mai, naira 300,000 ke nan, kusan naira 7 a lita. Saboda haka defon da ya fi tsada da naira 5 amma zai loda yau ya fi wanda ya fi araha amma tanka za ta yi kwana goma a layi. A tambayi ranar lodi kafin a tura kuɗi, a kuma sa ta a rubuce.

Babban haɗarin zamanin nan shi ne a karya farashi tanka tana hanya. Idan matata ta rage naira 50, mai lita 45,000 a kan titin Lokoja ya yi asarar miliyan 2.25 kafin ya iso Bauchi, domin manyan gidajen mai na kusa da shi za su sauya allo washegari. Wanda ke sayar da tanka guda cikin kwana uku zai iya jurewa. Wanda ke ɗaukar mako biyu, gara ya haɗa kuɗi da abokan sana'a biyu su raba tanka gida-gida, tunda cikinta a rarrabe yake, ko ya sayi wanda za a kawo masa har ƙofa a farashin ranar saukewa. Lokacin da dala ke sauka kuma ɗanyen mai na sauƙi, a rage ajiya. Lokacin da suke hawa, a cika rijiya.

Ranar saukewa, ko daga ina man ya fito, aikin ɗaya ne. A bar tanka ta huta minti 20 zuwa 30 a kan daidaitaccen wuri don mai ya kwanta. A duba hatimin kowane murfi da lambarsa a takardar lodi. A auna kowane gida da sanda a kwatanta da jadawalin tankar. A shafa maganin gano ruwa a ƙasan sandar, idan ya sauya launi akwai ruwa, kada a sauke sai an zuƙe shi. A auna nauyin man da ma'auninsa. Fetur mai kyau yana tsakanin kilo 720 zuwa 775 a kowace lita 1,000, idan ya haura sosai a yi zargin an gauraya shi da kananzir ko man gas. A ɗebi samfur a kwalba a rufe a ajiye. A ɗaura wayar da ke haɗa tanka da ƙasa don hana tartsatsi kafin a buɗe famfo, a kashe injina. Sannan a tuna fetur yana kumbura da zafi, wajen lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Man da aka loda da tsakar rana aka auna da sanyin asubar hunturu a Gombe zai iya nuna gibin lita 200 ko fiye a tanka guda ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A rubuta zafin mai a wurin lodi da wurin saukewa, a daidaita lissafi, kafin a ɗora wa direba laifin sata.

Idan farashin saukewa ya zo daidai, man matatar gida ya fi, don hannayen da ya bi ba su da yawa kuma an san wanda za a tuhuma idan ya ɓaci. Idan za a kawo shi har gida ba tare da kuɗin dako ba, babu ma abin tattaunawa. Amma kada a yanke hulɗa da defon Kalaba ko Fatakwal. A riƙa sayen ko da tanka ɗaya lokaci-lokaci, domin ranar da Lekki ta tsaya, tsofaffin abokan ciniki defo ke fara lodawa.

Ga mai keke Napep, ɗan acaɓa da direban Gombe zuwa Bauchi kuwa, abin lura shi ne farashin dala da na ganga, ba sanarwar buɗe matata ba. Idan biyun nan suna tsaye, gasa da sauƙin dako za su iya rage gomman naira. Idan ɗaya ya tashi da ƙarfi, fetur zai bi shi cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ke tunanin juya motarsa zuwa iskar gas ya fara tabbatar da akwai wurin cikawa a kan hanyar da yake bi kullum, kuma ana samun gas ɗin a kai a kai, ya lissafa watannin da za su mayar masa da kuɗin juyin, sannan ya nemi tukunyar da aka ƙera don matsattsen gas mai takardar gwaji. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda ba ta ɗaukar matsin da ake cika na mota da shi, fashewa take yi a wurin cikawa.